Amsa ga mai neman hoton malam-buɗe-littafi a cikin zafin Katsina

Wani ƙanena daga Ƙofar Ƙaura a nan Katsina ya aiko mini da tambaya, na ga ya fi kyau in amsa ta a fili tunda ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Ya ce ya ga hotunan malam-buɗe-littafi da Turawa ke sakawa a intanet, suna cewa ranar zafi ita ce ranar fita kallonsu. Sai ya ɗauki wayarsa wata Asabar cikin watan Afrilu, bayan azahar, ya yi ta yawo a bayan gari har kusan awa biyu. Guda huɗu ko biyar ya gani, ba wanda ya zauna masa. Ɗayan da ya samu ya ɗauka ya fito fari fat kamar guntun takarda, daga ƙarshe ma wayar ta ɗauki zafi ta ƙi aiki. Tambayarsa ita ce: wayar ce ba ta da kyau, ko kuwa Katsina ce ba ta da su?

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin na shafe sama da shekara 20 ina bin ƙwari a gonaki da lambunan ƙasar nan, kuma ba kasafai nake jin matashi ya shiga rana don kallon malam-buɗe-littafi ba. Wayarka lafiyarta ƙalau. Katsina kuma tana da su, har da irin waɗanda mutumin kurmi ba zai gani a garinsu ba. Abin da ya faru shi ne ka fita a watan da ba nasu ba, a sa'ar da ba tasu ba, sannan ka bi su da ƙafa alhali kamata ya yi ka zauna inda dole su zo su same ka.

Abin da Bature yake kira ranar zafi a Ingila yawanci digiri 25 ne zuwa 30, kuma a lokacin ne ƙasarsu take shar da ganye da furanni. Mu nan a Afrilu zafi yana kai 40 har ya wuce, ƙasa ta yi wata shida ba ta ga ɗigon ruwa ba, ciyawa ta ƙone, dabbobi sun kalace sauran. Malam-buɗe-littafi kuwa kafin ya yi fiffike tsutsa ne, tsutsar nan kuma ɗanyen ganye take ci. Shi ya sa bazara ce lokacin da suka fi ƙaranci a wajenmu. Suna fara yawa bayan ruwa ya zauna, malka ta ɗan danne su saboda hadari da yayyafi ba sa barin su tashi, sannan su cika ko'ina a ƙarshen damina. Lokacin nan da tsofaffi ke kira agazari, daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, sa'ad da ruwa ya ja baya, rana ta buɗe da zafi mai sa gumi, ana girbin gero, wake yana fure, tafasa ta kai ƙugu a bakin hanya, shi ne lokacinmu. Ranar zafin da ka gani a hotunan can, a wajenmu cikin agazari take.

Ba ina cewa ka ajiye waya sai Satumba ba. A bazara ma ana samu, sai dai mutum ya san sa'a ya kuma san wuri.

Jikin malam-buɗe-littafi ba ya yin ɗumin kansa kamar namu, rana ce take ɗumama shi. Naman da ke kaɗa fikafikansa a ƙirji yake, kuma sai ƙirjin ya yi ɗumin wajen digiri 30 yake iya tashi da ƙarfi. Don haka da safe za ka gan shi a kan ganye ko a ƙasa, ya shimfiɗa fikafikai, ya ba rana baya, yana shan hantsi. A wannan lokacin ne littafin yake a buɗe, ka karanta duk abin da Allah ya rubuta a ciki. Amma in zafin jikinsa ya haura 40 da 'yan kai, ya shiga haɗari, ga shi ɗan ƙaramin jiki ne da ruwansa ke saurin ƙonewa. Sai ya rufe fikafikan, ya juya yadda gefensu kawai rana za ta doka, ko ya shige ƙarƙashin ganye ya yi lamo. Waɗanda ka gani suna tashi bayan azahar jikinsu ya gama ɗaukar zafi, a lokacin ne suka fi sauri, kuma daga inuwa zuwa inuwa suke gudu. Ko ni da babbar kyamara ba zan same su ba.

A bazara, daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9 ne rabonka. A agazari kana da daga wajen 7:30 har walaha. Sai kuma la'asar sakaliya zuwa almuru, lokacin da suke neman makwanci. Wannan na yamma mutane ba su cika sanin darajarsa ba. Farare da 'yan ƙananan nan masu ruwan toka da shuɗi sukan hau kan tsinken ciyawa ko reshen ƙaya su kwana, wani lokaci biyar ko goma a wuri ɗaya. In ka ga inda suka sauka da yamma, ka shaida wurin, ka dawo bayan sallar asuba da gari ya fara haske. Za ka same su yadda ka bar su, a Oktoba har da raɓa a jikinsu, ba sa iya tashi, ka ɗauki hoto yadda ranka yake so. In kuwa dole sai da tsakar rana kake da sarari, to ka daina duban fili. Dubi ƙarƙashin bedi da mangwaro, da bayan ganyen da ke jikin shingen lambu, can suke.

Mu a Hausa duk sunansu ɗaya, amma a Nijeriya kaɗai akwai iri fiye da 1,000, mafi yawansu a dazuzzukan kudu, musamman wajen Kuros Riba. Namu na nan ba su kai ko kusa ba, hakan kuma sauƙi ne ga mai koyo: in ka san iri 15 zuwa 20 ka san yawancin waɗanda za ka riƙa haɗuwa da su. Ni da ɗalibaina mukan kira kowanne da sunan tsiron da tsutsarsa ke ci, domin kusan kowane iri yana da tsiron da macensa ba ta zuba ƙwai sai a kansa. Da ƙafa take ɗanɗana ganyen, in ta sauka ta ɗan bubbuga shi, ta gane nata ne ko ba nata ba. Wanda ya san tsiron ya san gidan.

Ka fara da tumfafiya. Ba ta bushewa da rani, tana kowane kango da kowace tsohuwar gona, kuma tana da nata malam-buɗe-littafi wanda masana ke kira Danaus chrysippus. Ruwan goro ne, bakin fikafikan gaba baƙi da ratsin fari, kuma namu na Afirka ta Yamma fikafikansa na baya farare ne, saɓanin na Indiya da wasu sassan gabas. In ka lura ba ya sauri, tafiyar ƙasaita yake yi a iska. Dalili kuwa tsutsarsa ta tara dafin ƙaron tumfafiya, wato farin ruwan nan da ke fita in an karya ganyenta, a jikinta, dafin ya bi ta har ta yi fiffike, tsuntsun da ya ci ɗaya zai yi amai, ba zai sake marmari ba. Launin nan nasa gargaɗi ne. Saboda rashin tsoronsa shi ne ya fi sauƙin ɗauka ga mai waya.

Ka tsuguna ka juya ganyen tumfafiya masu taushi ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga ƙwai guda ɗaya tal a bayan ganye, fari-fari, bai kai ƙwayar gero ba, yana da zane-zane a tsaye. Za ka ga ganyen da aka yi wa 'yar da'ira kamar an zana da allura: aikin jaririyar tsutsa ne, takan yanke hanyar ƙaron ta bar shi ya tsiyaye, sannan ta ci tsakiyar da'irar don kada ya manne mata baki. Babbar tsutsar tana da zobba-zobba na fari da baƙi da rawaya, da 'yan ƙahonni masu laushi guda shida. In ta ƙoshi sai ta rataye kai ƙasa ta zama wani ɗan kwanso kore-kore ko mai ruwan hoda, da ɗigon zinare a jere kamar an yi masa ado. Da zafin nan, daga ƙwai zuwa fiffike ba ya kai wata guda. Ranar da ka ga kwanson ya yi duhu har kana hango launin fiffike ta cikinsa, to washegari da safe ka kasance a wurin. Na taɓa zama a gaban irin wannan a wani kango wajen Ƙofar Marusa, tun ana sanyin safiya. Kwanson ya tsage daga ƙasa, ya zaro kansa, fikafikan a cukurkuɗe kamar jiƙaƙƙen ƙyalle, cikinsa ƙato. Ya riƙe ɓawon da ƙafafu ya rataye, yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fikafikan, ina kallo suna miƙewa a hankali har suka yi sumul. Bututun bakinsa ma biyu ya fito da shi, ya yi ta naɗewa yana warwarewa har ya haɗe su ya zama ɗaya. Fiye da awa guda yana nan bai tashi ba, launinsa sabo fil, ko ƙwarzane babu. Hoton da na fi so a duk waɗanda na ɗauka na wannan safiya ne, kuma da waya na ɗauke shi.

Ka kiyaye ƙaron tumfafiya da idonka. In ya shiga yana dushe gani na kwanaki, yana iya yi wa ido lahani. Ka wanke hannu kafin ka share gumi.

Akwai wata mai wayo da za ta ruɗe ka. Macen wani iri da ake kira Hypolimnas misippus ba ta da dafi ko kaɗan, amma ta ɗauko kamannin na tumfafiya sak, tsuntsaye suna ƙyale ta. Namijinta kuwa dabam yake, baƙi wuluk da manyan tabo farare da shuɗi ya kewaye, in rana ta doke shi yana walƙiya. Yakan kama wani reshe ko dutse ya mai da shi nasa, ya kori duk wanda ya gifta, ya dawo wurin. In ya tashi kada ka bi shi, ka saita wayarka a kan reshen ka jira. Bambance macen da na tumfafiya kuwa, dubi tsakiyar fiffiken baya: na tumfafiya yana da ɗigon baƙi uku in mace ce, huɗu in namiji ne, mai kwaikwayon ba ta da wannan jeri.

Sauran ma ta tsironsu za ka neme su. Tafasa da rai-ɗore da filasko suna da babban farin nan mai ɗan kore-kore mai gudun tsiya, macensa sau da yawa rawaya. Anza tana da fari mai baƙin zane a jijiyoyi, wanda wata shekara sukan taso da yawa suna bin hanya ɗaya kamar an yi musu kira. Bagayi yana da 'yan farare masu jan baki ko ruwan lemo a ƙarshen fiffike, kamar an tsoma musu yatsa a lalle. Waɗannan su ne 'yan asalin ƙasar ƙaya, sun fi kowa jure rana, kuma ina kyautata zaton su ka gani ranar da ka fita. Magarya da kurna suna da wasu 'yan mitsi-mitsi da ba su wuce farcen babban yatsa ba, bayan fiffikensu fari da ɗigo-ɗigon baƙi. Lemun tsami kuma yana da babban nan baƙi mai zanen rawaya da idanu biyu a fiffiken baya, wanda ƙaramar tsutsarsa ke kama da kashin tsuntsu a kan ganye, in ta girma ta koma kore, in ka taɓa ta ta fiddo wani jan ƙaho mai reshe biyu mai wari. Masu dashen lemo ba sa ƙaunarta, kuma ba na ganin laifinsu, don tana iya cinye ƙaramin dashe tas. Shawarata gare su kullum ita ce su tsince ta da hannu, tunda ba ta da yawa, maimakon feshin da zai kashe har da zuma.

Sai ruwa, wanda a ranar zafi ya fi fure tara su. Ba ƙishirwa kaɗai ke kawo su ba. Ruwan fure yana da zaƙi amma ba shi da gishiri, su kuma mazan suna bukatar gishiri, har sukan miƙa wa mace wani kaso nasa lokacin barbara ya amfani ƙwanta. Shi ya sa kusan duk waɗanda za ka gani a kan danshi maza ne, kuma sun fi son inda dabbobi suka yi fitsari ko kashi. Wata ranar Oktoba a bakin dam ɗin Ajiwa, wajen ƙarfe 11, rana tana dukan tsakar ka, na tarar da inda shanu suka sha ruwa suka tashi. A cikin sawun kofato, kan taɓon da ya fara tsanewa, farare da rawaya sun fi talatin, sun jeru sun rufe fikafikai kamar jiragen kwale-kwale a tasha. Na ja jiki da gwiwa har na kai taku biyu da su. Kowanne ya kafa bututun bakinsa a ƙasa, kuma in ka zuba ido za ka ga wani yana fitar da ɗigon ruwa ta baya lokaci-lokaci: yana tace gishirin ne yana zubar da ruwan. Wani yaro makiyayi ya zo wucewa suka tashi gaba ɗaya kamar an watsa audugar rimi, ban motsa ba, kafin minti biyar sun fara dawowa ɗai-ɗai. Wanda ya fara sauka shi ke jawo saura, domin in suka hango farin ɗan'uwansu a ƙasa sai su biyo.

Mutanen Daura suna da bakin dam ɗin Daberam da na Sabke, mu a cikin gari muna da lambunan Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi, inda ban-ruwa ke sa ƙasa danshi duk rani. Furen albasar da aka bari don iri, da furen zogale, da na lalle, duk suna jan su. Kana kuma iya haɗa naka a gida: ka sami wuri mai rairayi a bakin inuwa, ka zuba bokitin ruwa da ka barbaɗa wa ɗan gishiri kaɗan, wajen ƙarfe 9 ko 10, ka maimaita kwana uku zuwa huɗu a wuri ɗaya. Yanzu kuma lokacin mangwaro ne. Ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba da ta fara tsami, in ka ajiye a inuwa, tana kawo waɗanda ba su damu da fure ba, har da mai kama da busasshen ganye wanda ba ya fitowa sai almuru. In suka sha ruwan 'ya'yan itacen da ya yi tsami jikinsu yakan mutu, ka matso har ka gaji.

Matsowar ita ma da ladabinta. Idon malam-buɗe-littafi ba ya rarrabe siffa sosai, amma motsi ko ƙanƙani ba ya wuce shi, kuma inuwa in ta faɗo masa yana ɗauka tsuntsu ne. Kada inuwarka ko ta hannunka ta taɓa shi. Ka rage tsawo, ka tafi kai tsaye a hankali ba tare da karkata hagu da dama ba, ka riga ka miƙa wayar tun daga nesa don kada ka ɗaga hannu a kusa da shi. Farar shadda mai ƙyalli ka bar ta a gida, ka sa tufa mai ruwan ƙasa ko toka. Ka ɗauki hoto ɗaya tun kana nesa, ka ƙara taku ka sake, haka har ka isa. Ka jira sai ya zura baki a cikin fure, a lokacin hankalinsa ya rabu.

Batun hoton da ya fito fari fat: wayar tana auna hasken wurin gaba ɗaya ne, ta ga ganye ko ƙasa mai duhu-duhu sai ta ƙara haske, farin fiffike ya ƙone. Maganinsa sauƙi ne. Ka taɓa jikinsa a fuskar wayar, za ka ga 'yar alamar rana ta fito, ka ja ta ƙasa har sai ka fara ganin jijiyoyin fiffiken. Hoton da ya ɗan yi duhu ana iya gyara shi daga baya, wanda ya ƙone kuwa ya tafi ke nan. Yawancin wayoyi ba sa iya saita abin da ya matso ƙasa da santimita 10, don haka ka tsaya kamar taƙi guda ko fiye, ka jawo shi ninki 2 ko 3, kada ka wuce haka, hoton zai farfashe. Ka daidaita bayan wayar da shimfiɗar fiffiken, su fuskanci juna sosai, domin a kusa haka ɗan siririn wuri ne kawai yake fitowa tangaran, in ka karkace rabin fiffike zai yi dishi-dishi. In ya rufe fikafikai ka sauko daidai tsayinsa ka ɗauke shi ta gefe, ka tabbata idonsa ya fito. Ka ɗauka a jere da yawa, goma ko ashirin, ɗaya mai kyau ya ishe ka. Ka dubi abin da ke bayansa tun kafin ka danna: in bayan yana da nisa zai narke ya yi laushi, in kuwa leda ce ko bulo, ka ɗan gusa. Kuma ka goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi, ƙura da gumin yatsa sun ɓata hotuna fiye da yadda mutane ke zato.

Zafin da wayar ta ɗauka ba lalacewa ba ce. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi iPhone don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyin ma kusan haka suke, kai kuwa ka riƙe ta a rana mai 40 kyamara a kunne. Ka cire mata riga, ka riƙa kashe kyamarar tsakanin ɗauka, ka sa ta cikin jaka ko farin ƙyalle, kada ka yi mata caji a rana. In ta yi zafi ka ajiye ta a inuwa ta huce da kanta, ban da firiji.

In Allah ya hore maka kyamara, ga inda nake farawa. Saurin ƙyaftawar kyamara 1/500 na daƙiƙa ga wanda ke zaune, 1/1000 in akwai iska, 1/2000 ko fiye ga mai tashi. Ƙofar haske f/8, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 400, sannan in rage haske da -0.7 ko -1 in fari ne. Gilashin 70-300mm ya fi amfani ga mai farawa don yana ba ka damar tsayawa nesa, na kusa mai 90 zuwa 105mm kuma shi ne na ƙwai da tsutsa. Kada ka canza gilashi a cikin ƙura, kada ka bar kyamara a rufaffiyar mota. Akwai masu kama malam-buɗe-littafi su sa a firiji ya sandare don su ɗora shi a kan fure su ɗauka. Ban yarda da wannan ba, ba na kuma koya wa kowa. Garin nan da ke manne wa yatsa in an kama shi ƙananan ɓawo ne da ke jere kamar rufin kwano, su ne launinsa, kuma in sun goge ba sa sake tsirowa.

Akwai wani baƙon malam-buɗe-littafi da nake so ka sa wa ido in agazari ya zo, wanda masana ke kira Vanessa cardui. Matsakaici ne, ruwan goro mai ɗan ja da tabon baƙi da fari, sau da yawa fikafikansa sun koɗe sun yayyage. Da dalili. Daga Turai yake, ya tsallako Bahar Rum da hamadar Sahara ya sauko ƙasashenmu a ƙarshen damina don ya hayayyafa a kan ɗanyen ganyen da ruwa ya bari, jikokinsa kuma su koma arewa. Masana sun tabbatar da haka ta hanyar auna sinadaran da ke cikin fiffike, waɗanda ke nuna ƙasar da tsutsar ta yi kiwo. A Oktoban 2013 wani masani daga Sifaniya, Gerard Talavera, ya tsinci wasunsu a bakin teku a Giyana ta Faransa, can Kudancin Amurka, kuma binciken da aka fitar a 2024 ya nuna daga Afirka ta Yamma suka tashi, suka ƙetare teku tafiyar aƙalla kilomita 4,200. Duk sanda na ga ɗaya ya sauka a bakin gonar wake da fiffike a yage, sai na tsaya na yi tasbihi. In ka ɗauke shi, ko wani iri, ka saka hoton a manhajar iNaturalist da kwanan wata da wurin. Za a taya ka gane sunansa, kuma hotunan da ke fitowa daga arewacin ƙasar nan kaɗan ne ƙwarai, naka zai yi wa masu bincike amfani na gaske.

Ka kula da kanka, ƙanena. Malafa da gorar ruwa dole ne, in kana azumi kuma ka tsaya a na safe kawai. In ka ji jiri ko ciwon kai ko gumi ya ɗauke, ka nemi inuwa nan take. Ka sa takalmi rufaffe saboda ƙaya da ƙarangiya da kububuwa, wadda ke kwanciya a irin wuraren da za ka tsuguna. Kada ka shiga lambun mutum sai ka yi sallama ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tambaye shi ko ya yi feshi kwanan nan, don in ya yi ba za ka ga komai ba, kai ma bai kamata ka taɓa ganyen ba. A bakin rijiya ko mashaya ka kawar da kyamara daga mata da yara. Halin tsaron da ake ciki kuma ka san shi: dazukan yamma, wajen Rugu da kewayenta, ba wurin zuwa ba ne yanzu, komai kyan abin da ke can. Cikin gari da gefensa sun ishe ka shekara guda ba ka gama ba.

Tunda har yanzu muna bazara, ga abin da za ka yi Asabar mai zuwa. Tun ranar Juma'a da yamma ka nemo kango mai tumfafiya biyar ko shida kusa da gida, wanda in da hali yana kusa da lambu ko magudanar ruwa. Da safe ƙarfe 6:30 ka kasance a can, rana tana bayanka ta gefe. Ka juya ganye ashirin ka duba ƙwai da tsutsa da kwanso, sannan ka sami dutse ka zauna kusa da wadda ta fi fure, ka ba ta rabin awa. Ƙarfe 9 ka koma gida. Abin da ka samu ka turo mini, ko da tsutsa ce, zan gaya maka kwana nawa ya rage mata.